Kafson Zogale da Ya Lalace a Damina: Nazarin Wani Ƙaramin Wurin Haɗa Magani a Katsina

Wurin da yadda yake aiki

Wurin ɗaki uku ne a bayan wani gida a cikin birnin Katsina. Mai shi dattijo ne da ya gaji sana'ar magani, ya daɗe yana sayar da sassaƙe da saiwoyi da garin ganye a ƙulle cikin leda. Da ma'aikata da matafiya suka yawaita ƙorafin wahalar jiƙo, sai ya koma zuba garin zogale a kafso. Mutum huɗu yake aiki da su: mata biyu masu tsigar ganye da shanya, da samari biyu masu cika kafso da rufe roba.

Ana kawo ganyen a buhu daga lambunan wajen Ajiwa. A tsige shi daga sanda, a baza a tabarma a tsakar gida kwana biyu zuwa uku. Ba a wankewa, wai don kada ya yi baƙi. In ya bushe a kai injin niƙa na unguwa, wanda yake niƙa gero da masara da barkono, a dawo a tankaɗe da rariya mai laushi ƙwarai. Kwankon kafso na jelatin ne, wanda ake yi da fata da ƙashin dabba, girmansa lamba 0, daga Kano ake sayo shi, ana cika shi da allo mai rami 100. Kowace roba tana ɗaukar kafso 60, murfinta na murɗawa ne ba tare da liƙi ba. Takardar jikin robar ta ce miligiram 500 ne a kowane kafso, zai yi shekara uku bai lalace ba, sannan ta jera cututtuka bakwai.

An fara a watan Janairu. Har ƙarshen Yuli ba wanda ya dawo da kaya.

Agusta, shekarar farko: kaya sun dawo

A mako na uku na Agusta, ana tsakiyar marka, wani mai kemis a Daura ya dawo da roba 40 cikin 120 da ya ɗauka. Kafson sun manne da juna, sai an buga robar a tafin hannu suke rabuwa. Wasu sun yi laushi sun lotse. In aka buɗe ɗaya, garin ba ya zubowa, dunƙule yake fitowa da siffar kwankon, korensa ya koma ruwan ƙasa, yana warin rima. A cikin murfin wasu robobin akwai farin zaren fumfuna. Kafin wata ya ƙare wasu shaguna uku sun dawo da nasu, jimla roba 190.

Satumba da Oktoba: gyaran da bai kama ba

Kwanko aka fara zargi. Aka canza dillali aka sayo wani, bayan mako uku sabon zubin ma ya manne.

Daga nan aka ce shanya ce ba ta isa ba, aka koma baza ganye a kan rufin kwano da tsakar rana. Ya bushe a wuni ɗaya, amma rana ta ci korensa ya koɗe, ƙura ta hau, kuma da yake a buɗaɗɗen buhu yake kwana kafin a kai niƙa, danshin da rana ta cire da yini iskar dare ta mayar masa. An kuma gwada cusa auduga a bakin roba. Auduga tana shan laima, amma tana riƙe ta a nan cikin robar tare da kafson.

Abu na ƙarshe da aka yi niyya shi ne a buɗe kayan da aka dawo da su, a ɗan soya garin a kasko, a sake cikawa. A nan ɗan ƙanwar mai wurin, wanda ya karanci harhaɗa magunguna, ya shigo maganar. Ya bayyana cewa wuta tana kashe fumfuna, amma wasu nau'o'inta suna barin guba mai suna aflatoksin da zafin kasko ba ya rusa ta, kuma hanta take ci a hankali.

"Kawu, a ba ni roba biyar in kai awo, sauran a ƙone su."

"Ganyen nan da shi kakanninmu suka yi magani, yaro. Ba su san sikeli ba."

"Haka ne Kawu. Amma su a ranar suke dakawa su sha, ba su rufe shi a roba wata shida ba."

Aka ƙone roba 185, aka dakatar da aiki.

Nuwamba: awo na farko

An raba samfurin biyu. Abin da yake bukatar na'ura aka kai ɗakin gwaji na wata jami'a, sauran aka yi a wurin da sikeli mai auna miligiram ɗaya, wanda shi ne kayan aiki na farko da aka saya.

Danshi aka fara aunawa. Aka sa giram 5.00 na garin a tanda mai zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina sauka, ya tsaya a 4.33. Ruwa ke nan kashi 13.4 cikin 100. Busasshen ganyen da za a ajiye bai kamata ya kai kashi 10 ba, garin zogale kuwa an fi so a sauke shi ƙasa da 7.5, domin yana da saurin jan laima daga iska. Wannan adadin kaɗai ya bayyana dunƙulewar da fumfunar. Ya kuma bayyana mannewar, saboda kwankon jelatin a daidai halinsa yana ɗauke da ruwa kashi 13 zuwa 16, in ya sha fiye da haka sai ya yi danƙo.

Sakamakon ƙwayoyin cuta ya fi tayar da hankali. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga tsiron da za a haɗiye ba tare da an tafasa shi ba shi ne kada bakteriya su wuce 100,000 a giram ɗaya, fumfuna da yis kada su wuce 1,000, E. koli kada ta wuce 10, salmonela kuwa kada a same ta sam. A samfurin an sami bakteriya 800,000 da fumfuna 40,000, E. koli ma ta haye iyaka. Ba a sami salmonela ba. E. koli alamar kashi ce, na mutum ko na dabba, kuma ba a sha wahalar gano hanyarta ba: takin lambu, rashin wanki, da tabarmar da kaji da awaki suke ratsawa.

Da aka ƙone garin aka zuba wa tokar asid, abin da ya ƙi narkewa ya kai kashi 3.1. Yashi ne da ƙura. Aka kuma ja maganaɗisu a cikin kilo ɗaya na garin, ya fito da baƙin gashin ƙarfe a jikinsa, wato ɓarɓashin faifan injin niƙa. Dalma ta tsaya a miligiram 1.2 a kilo, ƙasa da iyakar 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, kadmiyam ma bai kai iyakarsa ta 0.3 ba. Gwajin dalma ba na cika takarda ba ne a wannan yanki. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara da gubar dalma, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ta shiga gidaje ita ce niƙa duwatsun zinariya da injinan niƙan hatsi. Wanda bai san abin da inji ya niƙa jiya ba, bai san abin da ke cikin garinsa ba.

Sai nauyi. Ƙa'idar kundin magunguna na Birtaniya, wadda ake bi a Najeriya, ita ce a ɗauki kafso 20, a auna kowanne a cike, a zazzage shi, a auna kwankon, a cire. Ga kafson da ya kai miligiram 300, ba a yarda fiye da biyu su kauce wa matsakaicin nauyi da kashi 7.5 ba, kuma ko ɗaya kada ya kauce da ninkin haka. Matsakaicin da aka samu 372 ne, don haka iyakar ta kama daga 344 zuwa 400. Tara suka fita waje, uku daga cikinsu suka wuce ninki. Mafi sauƙi 290 ne, mafi nauyi 450.

Ba ɗaya da ya kai 500 ɗin da aka rubuta, kuma ba zai yiwu ya kai ba. Cikin kwanko mai lamba 0 mililita 0.68 ne. Da aka zuba giram 50 na garin a kwalbar awo ya kai mililita 140, da aka yi ta bubbuga gindinta a tebur har ya daina sauka ya tsaya a 92. Mililita ɗaya ta garin da ya zauna ke nan giram 0.54, kwankon kuwa ba zai ɗauki fiye da kusan 370 ba sai da dannawa mai ƙarfi. Daga takardar dillalin kwanko aka kwafi 500, shi kuwa lissafinsa na hoda mai nauyi ne.

Wannan awon ya nuna dalilin bambancin nauyin ma. Saukar da garin ya yi daga 140 zuwa 92 kashi 34 ne cikin 100. Wannan shi ake kira ma'aunin Carr, kuma duk hodar da ta wuce 31 tana cikin masu mummunan gudu. Aka kuma zubo garin ta mazurari ya taru, tsayin tulin santimita 5.5, faɗin gindinsa 10, kusurwarsa digiri 48, alhali hoda mai gudu ba ta cika wuce 35 ba. Garin da ya yi laushi haka, mai zare-zare, ba ya faɗawa rami da kansa. Yana yin gada a bakin kwanko ya bar iska a ƙasa. Ramukan tsakiyar allo, inda hannu ya fi dannawa, su cika, na gefe su fito da rabi.

Disamba da Janairu: wanki, shanya, niƙa, da matsalar hunturu

Aka sauya hanyar ganye tun daga lambu. A yanko da sassafe a kawo a kwando, domin ganyen da ya kwana a buhu yana ɗaukar zafi ya fara ruɓa. A tsige, a wanke da ruwan sha, a jiƙa minti uku zuwa biyar a ruwan gishiri (giram 10 a lita ɗaya), a ɗauraye, a bar shi ya tsane a rariya. Baƙin da matan suke tsoro yana zuwa ne in aka tara jiƙaƙƙen ganye da kauri. Da aka baza shi siriri a kan raga, iska tana bi sama da ƙasa, da korensa ya bushe.

Kafinta ya haɗa akwatin shanya: katako, ragar sauro hawa biyar, baƙin kwano a gaba yana ɗumama iskar da ke shiga ta ƙasa, da tagar fitar tururi a sama. Rana ba ta taɓa ganyen kai tsaye. An rataya ma'aunin zafi a ciki, dokar ita ce kada ya wuce digiri 55. Kilo 10 na tsigaggen ganye yana ba da kusan kilo 2. Aka sayi ƙaramin injin niƙa na ƙarfen da ba ya tsatsa, na zogale kaɗai. Bayan niƙa ana mayar da garin akwati minti 30, saboda niƙa tana buɗe shi ga iska, sannan a rufe a bokiti mai leda biyu. Sayen niƙaƙƙen gari a kasuwa in ganye ya yi ƙaranci, wanda a da akan yi, an daina shi gaba ɗaya, domin in ganye ya zama gari ido ba ya rabe zogale da wani koren ganye.

Zubin Janairu ya ba da danshi kashi 6.5, bakteriya 30,000, fumfuna 600, babu E. koli. Tokar da ba ta narkewa ta sauko zuwa 0.8, maganaɗisu ya fito fes.

Sai wata matsalar ta ɓullo. A kowane allo na 100, kafso 12 zuwa 15 suna tsagewa lokacin rufewa, wasu kuma su fashe a cikin roba, kore ya ɓata sauran. Agogon danshin da aka rataya a ɗakin yana nuna kashi 14 zuwa 18. Kwankon jelatin yana son iska mai danshi kashi 35 zuwa 65. Hunturu yana busar da shi ta waje, busasshen garin yana tsotse shi ta ciki, ga kuma ƙullin silika mai tsotse laima da aka fara sa wa a roba yana ƙarasa shi. An jera bokitan ruwa a ɗakin, fashewar ta ragu, amma garin da ke kan tebur ya fara jan ruwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Nauyin ma bai daidaita ba. An daina tankaɗe mai laushi aka koma rariya mai ramin rabin milimita, ma'aunin Carr ya sauko zuwa 27, amma har yanzu kafso biyar cikin 20 suna fita iyaka.

Fabrairu zuwa Afrilu: gwajin ƙwaya

Ganin haka mai wurin ya ce a bar kafso a koma ƙwaya. Aka aro injin buga ƙwaya na hannu mai baki ɗaya.

Ƙwaya tana da ƙa'idoji biyu masu ja da juna. Ta yi ƙarfin da in aka juya ta sau 100 a gangar gwaji, minti huɗu, ba za ta zubar da fiye da kashi 1 na nauyinta ba. Sannan ta watse cikin minti 15 a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37. Ana gwada guda shida, duka kuma sai sun watse. A wurin an yi wannan da kofin gilashi da rariyar shayi ana ɗagawa ana saukewa kamar sau 30 a minti, abin da ya fi kusa da ƙa'ida a kai ɗakin gwaji a tabbatar.

Zallar gari bai bugu ba. Ƙwayar tana fitowa sai samanta ya ɓalle ya rabu da gindin, saboda zaren ganye yana lanƙwasa ne a ƙarƙashin matsi, da an sake shi ya miƙe. Waɗanda suka tsira sun zubar da fiye da kashi 4.

Aka koma yin tsaki, wato a jiƙa gari da abin ɗauri, a murza ta rariya, a busar, kamar dai yadda ake murza garin dambu kafin a turara. Ƙaro aka fara sawa, tunda yana nan a kasuwa kuma tsohon abin ɗaure ƙwaya ne a harkar magunguna. Da kashi 10 ƙwayar ta yi kyau da sheƙi, asararta 0.4 kawai, amma ta wuce awa guda a ruwa ba ta watse ba. Ƙaron yana jiƙa ya zama kunu a bayanta ya hana ruwa shiga ciki. Aka rage shi zuwa kashi 3, aka ƙara busasshen sitacin masara kashi 10 don ya kumbura ya fasa ta. Ta watse a minti 22, asararta ta hau 1.3. Ta faɗi a duka biyun. An gwada wasu haɗe-haɗe huɗu a tsakani, duk wanda ya ci ɗaya sai ya faɗi ɗaya. Injin hannu ma yana da nasa laifin, domin matsinsa ya danganta da ƙarfin mai juyawa, ƙwayar safe daban da ta yamma. Ƙaron kasuwa kuma ya zo da nasa ɓawo da ƙasa, sai an narka an tace.

A ƙarshen Afrilu aka mayar da injin. Amma kafin nan ɗaya daga cikin samarin ya zuba ragowar tsakin a allon kafso, ya ga yana gangarawa rami ba tare da dannawa ba. Aka auna: giram 50 ya kai mililita 105, ya zauna a 85. Ma'aunin Carr 19, kusurwar tuli digiri 36.

Mayu: haɗin da aka tsaya a kai

Ga kilo ɗaya: garin zogale giram 950, sitacin masara na magani giram 45, magnesiyam sitiyaret giram 5. An bar ƙaro, tunda a kafso ba a bukatar ɗauri mai ƙarfi.

Ana dama sitacin da ɗan ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa har jimlar ta kai giram 450, a juya a wuta sai ya yi haske. In ya huce ya zama ɗumi-ɗumi a zuba a gari kaɗan-kaɗan ana cuɗawa da safar hannu. Alamar ya isa ita ce a dunƙula a hannu ya tsaya, a danna da yatsa ya wargaje. A murza ta rariya mai ramin milimita 2, a baza a faranti kaurin da bai wuce santimita 2 ba, a busar a digiri 50 awa uku zuwa huɗu har danshi ya sauka ƙasa da kashi 7, a sake bi da shi ta rariyar milimita 1. Magnesiyam sitiyaret a ƙarshe yake shiga, a juya minti uku a tsaya. Santsi yake sawa, amma ba ya shan ruwa, in aka daɗe ana juyawa sai ya lulluɓe tsakin ya jinkirta watsewa.

Wannan hanyar tana da haɗarinta, domin an mayar wa gari ruwan da aka sha wahalar cirewa. Zubi na biyu an kwaɓa shi da la'asar, rana ta yi sanyi, ya kwana a jiƙe. Da safe yana tsami, aka zubar. Daga nan aka kafa doka: kwaɓi da safe kawai, kuma daga zuba ruwa zuwa shiga akwati kada a wuce awa ɗaya. Aka kuma ƙara wa akwatin murhun gas da fanka a ƙasa saboda ranakun hadari.

Kwanko aka sauya zuwa HPMC, wanda daga tsiro ake yin sa. Ruwan jikinsa kaɗan ne, bushewa ba ta sa shi karyewa kamar jelatin, kuma yana zama lafiya da silika. Ya kuma rufe tambayar da masu saye suke yawan yi, ko jelatin ɗin na saniya ne ko na alade, wadda dillalai ba su cika iya amsawa da takarda ba. Sai dai ya fi tsada, kuma shi ma laima tana ratsa shi, don haka tsaron ya koma kan roba: mai kauri, fara, da liƙin alminiyam a baki da ƙullin silika giram ɗaya. Ana cikawa a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, danshi ƙasa da kashi 60, kuma abin da aka cika a rana a liƙe shi a ranar.

Gwajin kafso 20 ya ba da matsakaici 400, mafi sauƙi 384, mafi nauyi 417, duk cikin iyakar 370 zuwa 430. Sun watse a minti 9, ƙa'idar kafso kuwa minti 30 ce. Zogalen da ke cikin kowanne miligiram 380 ne, shi aka rubuta. Kowane zubi yanzu yana da lamba da shafi a littafi: lambun da ganye ya fito, ranar yanka, danshi, nauyi, da roba uku da ake ajiyewa ba a sayarwa.

Yuni zuwa Disamba, shekara ta biyu: gwajin ajiya

Najeriya tana cikin yankin zafi da laima da ake gwada ajiyar magani a digiri 30 da danshi kashi 75, gwajin gaggawa kuma a digiri 40 na wata shida. An kwaikwayi na gaggawar da abin da ke hannu. Ruwan da aka cika wa gishiri har ya daina narkewa yana riƙe iskar rufaffen mazubi a kusan kashi 75, don haka aka sa kwanonsa a bokiti mai murfi, aka jera robobi a kan raga a samansa, aka sa bokitin a injin ƙyanƙyasar ƙwai da aka saita a 40. A Katsina digiri 40 ba wani tsanani na musamman ba ne, shago mai rufin kwano yana kai haka a Afrilu.

An sa tsohuwar roba da sabuwa gefe da gefe, daga zubi ɗaya mai danshi 6.4. A wata ɗaya na tsohuwar ya kai 10.9. Na sabuwar a wata shida 7.1 ne, watsewa ta koma minti 11, fumfuna ba ta kai 1,000 ba, koren ya ɗan yi duhu. An kuma yi gwajin TLC, wanda yake baje sinadaran ganye a faranti su fito layi-layi, aka kwatanta na farko da na ƙarshe, layukan suna nan, ɗaya ya ɗan dushe.

Damina ta wuce, an fitar da zubi tara, ba roba ɗaya da ta dawo saboda mannewa ko fumfuna. A Disamba fashewa ba ta wuce ɗaya a allo ba. Farashin roba ya tashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, shaguna biyu suka daina ɗauka.

An sake takardar jikin roba: miligiram 380, lambar zubi, ranar haɗawa, wa'adin wata 12 maimakon shekara uku. Aka cire jerin cututtukan, aka sa gargaɗi ga masu ciki da masu shan maganin suga ko hawan jini su tuntuɓi likita. Da wannan aka fara haɗa takardun NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993. Matakin farko da take ba maganin gargajiya na shekara biyu ne, lambarsa tana ƙarewa da harafin L, ana bayar da shi bayan duba wurin aiki da gwajin samfur da rahoton gwajin guba, kuma dole a rubuta a jikin kaya cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwa ba.

Hukunci

Tushen matsalar ruwa ne, kuma tun Janairun farko take nan. Watanni bakwai na shiru galibi aikin rani ne, shi ya riƙa busar da abin da tabarma ba ta busar ba. Gyare-gyaren Satumba da Oktoba sun faɗi ne saboda an yi su kafin a auna komai, kowanne yana bin abin da ido ya gani. Awon danshi ɗaya, na giram biyar da tanda, da ya nuna hanya tun makon farko.

Abin da ya fi amfani shi ne mafi arha: wanki, raga, injin niƙa na kansu, da liƙin baki. Waɗannan su suka kare lafiyar mai sha. Tsaki da sabon kwanko sun gyara nauyi da fashewa ne kawai. Wata uku na gwajin ƙwaya gudun matsalar kwanko ne, da an sauya kwankon tun Janairu da an huta, ko da yake daga nan tsakin ya fito. Ƙwayar zogale tana yiwuwa, amma da inji mai daidaitaccen matsi da sinadaran fasa ƙwaya na zamani, kuma wuri mai wannan girman bai da bukatarta. Shawara mafi nauyi a duk lamarin ita ce ƙone roba 185, kuma dattijon ya cancanci yabo da ya yarda da asarar alhali kasko yana kusa.

Akwai abin da duk wannan awon bai taɓa ba. Ya tabbatar kafson yana da tsabta, nauyinsa ɗaya, yana watsewa, yana jure ajiya. Bai tabbatar yana warkar da wata cuta ba, wannan sai gwaji a kan marasa lafiya, kuma shi NAFDAC take nema kafin cikakkiyar rajista. Miligiram 380 na busasshen ganye bai kai giram biyu na ɗanye ba, ƙasa ƙwarai da abin da ke cikin kwano ɗaya na kwaɗon zogale, don haka cire jerin cututtukan nan daidai ne ko da doka ba ta tilasta ba.

Sauran aiki uku ne. Gwajin bokiti da injin ƙwai jagora ne na cikin gida, wa'adin wata 12 ba zai ƙaru ba sai robobin da aka ajiye a zafin ɗaki sun cika lokacinsu an auna su. Gwajin ƙwayoyin cuta zubi ɗaya cikin uku ake yi saboda kuɗi, ya kamata ya zama kowane zubi, aƙalla daga Yuni zuwa Oktoba. Ba a kuma taɓa gwada ragowar maganin feshi ba, alhali lambunan da ake yanko ganyen suna maƙwabtaka da tumatir da kabeji da ake fesawa.